Ƙarfe a Ƙirjin Aldenor

Da likita ya gama bayani, ya ce zuciyar tana tsallake bugu kuma dole a tsaga ƙirji a sa mata batir, Seu Aldenor Pantoja, wato Malam Aldenor a harshensu, bai tambayi ko aikin da zafi ba, bai tambayi ko zai tashi ba. Gyara zama ya yi ya ce, "Likita, abin nan da ƙarfe a cikinsa?"

Likitan ya dubi Lucimar, 'yar Aldenor, wadda ta jawo uban nata zuwa asibiti a birnin Belém kusan da ƙarfin tsiya. Ita kuwa sai ta runtse ido, don ta san inda maganar ta dosa.

"Ɗan kaɗan," in ji likita. "Duka-duka bai kai akwatin ashana ba. Ba za ka ma san yana nan ba."

"Ni ba zan sani ba," in ji Aldenor. "Tsohuwa za ta sani."

Tsohuwar nan ba mace ba ce. Wata 'yar sandar maganaɗisu ce, tsawon yatsa, rataye da zare siriri a cikin akwatin gilashi, a ɗakin awo na tsibirin Jurará, can bakin kogi inda ruwan daɗi ke karo da na gishiri. Aikinta nuna arewa, aikin Aldenor kuma ya sunkuya a kan madubin hange ya karanta iya karkatar da ta yi. Shekara talatin da wani abu yana wannan sunkuyon. In aka sa masa ƙarfe a ƙirji, shi da ɗakin nan sai hange daga nesa, kuma duk duniya ba shi da wani wurin da ya san yadda ake zama a cikinsa.

Dokar tashar guda ce, ba ta da sassauci: ƙarfe ba ya wuce turke. A kan hanyar ɗakin awo akwai turken katako da aka rataya wa ƙoƙo. Duk mai wucewa sai ya juye aljihunsa a ciki, mabuɗi ne, wuƙa ce, agogo ne, ƙugiyar kamun kifi ce. Takalmi mai ƙusa a cire, bel a kwance. Ɗakin kansa da ƙusoshin tagulla aka kafa shi. Wani babban jami'i da ya taɓa zuwa daga hedikwatarsu da ke birnin Rio haka ya shiga yana riƙe da wando da hannu biyu, Aldenor na gabansa ko murmushi bai yi ba. Shi dama ya daɗe da raba gari da bel, sai tazuge, har masunta suka sa masa suna Mai Tazuge, kuma yana amsawa.

Ɗan masunci ne. Ya fara zuwa tsibirin yana saurayi, ɗaukar katako ya kawo shi, sai tsohon ma'aikacin da ke wurin ya lura yana iya tsayawa wuri guda ba ya motsi ba ya surutu, ya koya masa karatun allura. Da tsohon ya yi ritaya aka bar wa Aldenor tashar: gida ɗaya, ɗakin rediyon oba-oba, ɗakin awo, da bishiyoyin mangwaro. Maƙwabci babu, sai Mirico mai kwalekwale da ke kawo gari da kananzir da labarin gari ranar kasuwa.

Da fari aiki ne kawai yake yi, bai san me ake yi da lambobin da yake aikawa ba. Dakta Nilzete ce ta ɗaura masa abin a zuciya. Masaniyar lissafi ce daga Rio, tana zuwa duba tashar sau ɗaya a shekara, sauro ya yi mata kaca-kaca ta koma. Wata rana suna cin abincin rana ya tambaye ta me ke damun Tsohuwa ne da ba ta tsayawa wuri ɗaya, bana nan, baɗi ta ɗan gusa.

Dakta ta jawo ƙoƙon açaí ɗinsa, wato kunun 'ya'yan itace mai kauri, ta yayyafa garin rogo a kai, ta shiga juya ƙoƙon a tafin hannunta a hankali. Garin ya bi da'ira layi-layi, lafiya lau. Ta ƙara gudu, ta ƙara, sai layin ya karkace, ya kakkarye, ya zama 'yan murɗe-murɗe suna bin juna a gefen ƙoƙo.

"Ka gani?" in ji ta. "Can ƙarƙashin ƙafarmu, nisan da ya fi daga nan zuwa Rio, akwai teku na narkakken ƙarfe. Duniya tana juyawa, shi ma yana gudu a cikinta. Ƙarfin maganaɗisu ya ratsa shi kamar zaren taru, wani lokaci ya riƙe shi, wani lokaci shi ne ma ke tunzura shi. In gudun ya kai wani matsayi sai ya ɓalle, kamar yadda garin nan ya yi. Ni aikina in lissafa a wane gudu zai ɓalle, murɗe nawa zai yi, gabas zai nufa ko yamma. Amma leƙawa ba mai iyawa. Sai dai Tsohuwarka ta ji a jikinta ta ɗan karkata, kai kuma ka gaya mini."

"Kamar bayan tsibiri ke nan, inda ruwa biyu ke haɗuwa."

"Kamar nan. Sai dai shi wancan murɗawa ɗaya tana cin shekaru."

"To Dakta, in kin gama da duniya miƙo min in sha, ta fara tsinkewa."

Dariya suka yi, amma daga ranar Aldenor ya zama wani mutum. Ya riƙa ganin kansa a matsayin mai gadin wani kogi da ba wanda ya taɓa gani, kuma ya sa a ransa cewa wata rana abin zai ɓalle a can ƙasa, shi ne zai fara ji. Mutum in ya sami irin wannan abin jira, sai ya daina jin abin da ke kusa da shi.

Yana da mata a lokacin. Iraci sunanta, tela ce daga garin Vigia, mace mai son hira, wadda a gidan ubanta ba a rufe ƙofa saboda masu kawo ɗinki. Ta zo tsibirin da akwati ɗaya da kekenta na ɗinki mai ƙafafun ƙarfe. Ta haifi Lucimar, Mirico ya zama uban baftisma, suka koma kiran juna compadre shi da Aldenor. Ba wanda zai ce Aldenor ya taɓa zaginta ko ya hana ta wani abu. Shiru kawai ya ba ta, mai yawa. Da safe yana ɗakin awo, da rana yana lissafi, da yamma yana bakin rediyo yana karanta wa Rio lambobi. Ita kuma tana cikin gida mai duhu da jaririya da ƙarar feda.

Sai wata shekara, bayan ruwan sama ya sassauta, Tsohuwa ta karkata. Ba irin gusawar da ta saba ba, karkata ce sosai, lokaci guda, kuma ta zauna a haka. Aldenor ya fita ya laluba aljihunsa, ya tuɓe ya sake shiga, ya duba rufi, ya duba daɓe. Babu komai. Murna ta kama shi. Ya kira Rio ya ce a gaya wa Dakta abin da suke jira ya zo. Kwanaki ya yi ba ya cin abincin kirki. In Iraci ta yi masa magana sai ya ɗaga mata hannu, wai kada ta ɓata masa lissafi. Yakan jiyo ƙarar kekenta daga wani wuri in iska ta kaɗo, bai taɓa tambayar daga ina ba. Bai kuma lura cewa da ya shiga ɗakin awo ƙarar ke ɗaukewa ba.

Dakta Nilzete ta tuntuɓi sauran tashoshi, sannan ta kira shi da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Seu Aldenor, ba tashar da ta ji komai sai taka. Ka zagaya bayan ɗakin ka duba mini."

Ya zagaya. A gindin mangwaron da ke bayan ɗakin awo, taku kaɗan daga bango, ga keken ɗinki an lulluɓe rabinsa da leda, ga Iraci a kan kujera tana kalmasa bakin riga da hannu, ga Lucimar a tabarma. Ta hanyar wanki suka bi da shi ita da Mirico, ba su bi ta turke ba, su a ganinsu tunda akwai bango a tsakani ai shi ke nan. Ranar kasuwa ce, Mirico na nan tsaye yana shan kofi, a gabansa aka yi komai.

"Wa ya kawo wannan tsiyar nan?"

"Ni na sa compadre ya kama mini," in ji Iraci. "Cikin gida duhu, ga zafi."

"Inuwa ta ƙare a tsibirin nan ne sai nan? Kin sa na kwashi kunya har Rio. Na ce musu cikin duniya ya motsa, ashe ke ce."

Ta soke allurar a jikin rigar, ta dube shi. "Ashe ni ce," in ji ta.

"A ɗauke shi. A kai shi inda Tsohuwa ba za ta ji shi ba."

"Har ina?"

"Iya nisan da za ki iya."

Mirico ya ce, "Haba compadre, sassauta mana." Ba wanda ya kula shi. Da ruwa ya cika da yamma, keken ɗinki ya shiga kwalekwale, Iraci ta bi shi da akwatinta da 'yarta. Aldenor yana jin injin ya tashi, amma lokacin awo ya yi, sai ya shiga ɗaki. Tsohuwa ta koma daidai inda take a da, ya rubuta lambar.

Wani namijin da ya bi ta cikin makon. Shi kuwa taurin kai da kunya suka haɗu suka danne shi, ya ce bari ta huce, ita ma tana can tana jiran ya zo. Ba saki, ba sulhu. Ta kama ɗaki a Belém, ɗinki ya karɓe ta. Yakan je lokacin Círio, babban bikin coci na shekara, ya zauna a falonta da hula a gwiwa kamar mai jiran a auna shi, ya ci agwagwa da tucupi, miyar ruwan rogo, ya tambayi karatun Lucimar, ya koma. Duk shekara kuma Mirico zai miƙo masa ƙunshi: wando biyu masu tazuge, riga mai maɓallan katako, ko ƙugiyar ƙarfe ɗaya babu a jiki. Ba saƙon baki.

"Ba ta ce komai ba?" Aldenor yakan tambaya.

"Ta ce ka rame, in ji ni. Ita ba ta ce ba."

Haka suka tsufa, kogi a tsakani. Da ciwon ajali ya kama ta ya je, ya tarar ta daina gane mutane. Bayan jana'iza ya koma tsibiri ya ci gaba. Kaɗaici ya zame masa kamar tsohuwar ragar kwanciya, ta huje amma jikinsa ya san ta. Yakan gaida Tsohuwa da safe, ya gaya mata ruwa ya kawo itace, ko tsuntsaye sun gama da mangwaro. Dakta Nilzete ta yi furfura, ta daina hawa kwalekwale, sai gaisuwa ta rediyo. Lissafinta ya yi gaba, ta ce masa murɗe-murɗen yamma suke tafiya a hankali, kuma lambobinsa na cikin abin da ya nuna haka. Ranar ya soya kifi babba, ya ci shi kaɗai.

Sannan jiri ya fara. Mirico ne ya tsince shi kwance a bakin turke, ƙoƙo ya kife, mabuɗai a cikin ciyawa. Daga nan ne Lucimar ta kai shi wurin likitan nan, shi kuma ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

A tashar jirgi ta tare shi. "Baba, tunanin me? Mutuwa za ka yi."

"Kowa ma zai yi."

"Ka kori Mama saboda abin nan, yanzu kuma ni za ka mayar marainiya saboda shi. Wai me ta taɓa yi maka, Tsohuwar nan? Ta taɓa dafa maka ruwan zafi?"

Aldenor ya juya. Ya shiga kwalekwale. Mirico ya ja inji yana ƙunƙuni, ya ce shi dai ya gaji da jigilar mahaukata, in compadre ya mutu a tsibiri kada a sa ran shi zai ɗauko gawa, bayansa ciwo yake.

Abin da kukan Lucimar bai yi ba, faɗuwa ta biyu ta yi. A cikin ɗakin awo ta same shi, yana sunkuye. Da ya farfaɗo ya ga kafaɗarsa ta gogi ginshiƙin da akwatin gilashin ke kai, Tsohuwa na ta lilo kamar za ta tsinke zare. Da ya faɗi gaba kaɗan da ya farfasa ta. Ranar ya kira Rio ya ce su nemo wani, ya kira Lucimar ya ce ta gaya wa likita ya wasa wuƙarsa. Ita har yau tana cewa ba don ita ya yarda ba, kuma gaskiyarta ce.

Aiki ya yi kyau. Ya yi jinya a gidan Lucimar, a ɗakin da keken Iraci ke jingine an rufe shi da zane, bai taɓa ɗaga zanen ba. Duk wannan lokacin abu ɗaya yake riƙe da shi: likita ya ce ɗan kaɗan ne. Wataƙila Tsohuwa ta yi masa kara. Shekara talatin ai ba kwana talatin ba ce.

Da ya sami ƙarfi Mirico ya kai shi. Wadda aka turo sunanta Edilene Sarges, mace mai 'ya'ya biyu a makaranta a Belém, mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta tarye shi a bakin ruwa da girmamawa. A turke ya juye aljihunsa cikin ƙoƙo kamar kullum, ita ma ta zare 'yan kunnenta ta cire abin ɗaure gashi. Ya ji daɗin ganin haka.

"Ki shiga ki sa ido a madubi," in ji shi. "Zan shigo a hankali. Abin da kika gani ki faɗa, kada ki ji nauyina."

Ta shiga ta sunkuya. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Lafiya lau," in ji ta.

Ya taka ɗaya. Ya ƙara. Warin katakon ɗakin ya buge shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya matso inda ƙafafunsa suka sassaƙe daɓe, ya ɗan sunkuya ta kafaɗarta kamar yadda mai awo zai yi.

Edilene ta ƙura wa madubin ido. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Seu Aldenor, tana bin ka."

"Da yawa?"

"Ja baya kaɗan." Ya ja. "Ƙara." Ya ƙara. "Yi haƙuri, ƙara dai." Sai da bayansa ya taɓa ƙyauren ƙofa, ya tsallaka waje, sannan ta ce, "To, ta zauna."

"Madalla," in ji shi. "Rubuta. Kada ki bar lokaci ya wuce."

Ya ja mata ƙofar. Bai iya komawa ta turke ba, don Mirico na can zai dube shi, shi kuwa ba ya son a dube shi. Sai ya zagaya bayan ɗakin. Tun ranar keken bai sake zama a wurin ba. Mangwaron ya ƙara girma, saiwarsa ta fito waje, ya zauna a kanta yana dafe da ƙirji, yana jin abin yana aikinsa tsaf, ba tsallake.

Da ya ɗaga kai sai ya ga tagar. 'Yar ƙaramar taga ce ta shan iska a bangon baya, ya san da ita mana, shi yake share mata yanar gizo. Amma bai taɓa ganinta daga waje ba, daga nan. Daga gindin mangwaron nan, in mutum na zaune, tagar tana faɗawa daidai kan mai awo. Ga ƙeyar Edilene, ga kafaɗarta, ga gefen fuskarta a sunkuye. Ya gusa dama kaɗan, sai bango. Ya gusa hagu, sai bango. Ya dawo inda yake.

Bishiyoyin mangwaro sun fi goma a tsibirin, wasu sun fi wannan inuwa, wasu sun fi kusa da gida. Shekara da shekaru yana cewa a ransa wautar mata ce ta sa ta zaɓi wannan.

Mirico ya zo yana jan ƙafa, ya tsaya daga nesa saboda wuƙar da ke ƙugunsa. "Compadre, ruwa na janyewa. In ba so kake mu kwana a laka ba, tashi."

"Mirico. Ka san daga nan ana ganin mutum?"

Mirico ya dubi tagar, ya dubi ƙasa. "Sau uku ta sa na matsar da keken ranar, har sai da ya zo daidai. Na zaci ka sani."

"Ba ta faɗa ba."

"Ka tambaya?"

Aldenor ya sake duban tagar. Baƙin cikin da bai yi a jana'iza ba shi ne ya zo masa yanzu, a zaune, da rana tsaka, ba shi kuma da wanda zai kai wa. Mirico ya ce zai je ya duba inji, ya tafi, ko da yake injin lafiyarsa ƙalau.

Ya ci gaba da zama yana kallon tagar, yana jira ko Edilene za ta ɗago ta gan shi. Ta gyara madubi, ta rubuta, ta sake sunkuyawa. Ma'aikaciyar kirki ce, an koya mata da kyau. Ba ta ɗago ba ko sau ɗaya.